Sabuwar DVD za ta gyara min hoton talabijin, ko asarar kuɗi ce?

Baban Walida, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in kai kuɗina kasuwa. Bayan babbar sallah na ajiye tsohuwar talabijin ɗina mai tozo, na sayi ta bango mai inci 32, ba ta wani babban kamfani ba, daidai aljihu dai. Tashoshin dish suna fita tas, ba ni da ƙorafi. Amma da na jona tsohuwar DVD ɗina sai hoto ya koma dishi-dishi, rubutun fassara yana rawa, kuma kowa ya yi faɗi ya gajarce. Faifan bikinmu da nake ji da shi, uwargida ta ce a daina sa wa baƙi, wai ta ƙara ƙiba a ciki. A tsohuwar talabijin lafiya lau yake fita. Wani mai shago a Sabon Gari ya nuna min wata DVD da aka rubuta 1080p ɓaro-ɓaro a kwalinta, ya ce ita ce maganin abin. Gaskiya ne, ko ciniki kawai yake nema?

Mai Gyaran Lantarki, Kano:

Wa alaikumus salam Baban Walida. Ka leƙa bayan talabijin ɗin tukuna. Na san abin da za ka gani: wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fara. Ja da fara sauti ne, duk hoton kuwa da haskensa da launinsa an cusa su a rawayar ita kaɗai, shi ya sa launuka ke shiga juna, gefen rubutu yana rawa. Wannan ita ce matsala ta farko, kuma a nan ne kaɗai sabuwar DVD za ta iya taimaka maka, in tana da HDMI, wato ramin waya ɗaya mai ɗauke da hoto da sauti na dijital, domin ta nan hoton yake isa talabijin yadda yake a faifai.

Batun 1080p ɗin kwali kuwa, wato hoto mai ɗigo 1080 a tsaye, kada ya ruɗe ka. Faifan DVD irin na tsarin PAL da muke amfani da shi a Najeriya, iyakar hotonsa ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye. Ko wace na'ura ka sa shi, ba abin da za ta ƙaro wanda babu a faifan. Abin da take yi shi ne ta buɗa hoton ta cike giɓi da kintace. Talabijin ɗinka ma tana yin wannan aikin da kanta, sai dai masu araha ba su cika iya shi da kyau ba. Kuma yawancin masu inci 32 ɗin nan allonsu ɗigo 1366 ne da 768, ka ga in DVD ta kai hoton 1080 sai talabijin ta sake matse shi. In ka saya, gwada 720p a saitin DVD ɗin ka kwatanta da idonka.

Mai tozo ba fin ta bango ta yi ba. Da irinta aka tsara hoton tun asali, allonta ƙarami ne kuma mai laushi, yana rufa wa faifai asiri.

Ƙibar Hajiya kuma ba sai ka kashe ko sisi ba. An ɗauki bikin a tsarin 4:3 irin allon mai tozo, talabijin ta ja shi ya cika 16:9 na allo mai faɗi. Ɗauki rimot ka mayar da girman allo 4:3, baƙi zai fito dama da hagu, kowa ya dawo siffarsa. Ka rage sharpness, wato kaifin hoto, ma, daga kamfani a cike suke turo shi.

Maman Sadik:

Yaya, wane irin faifai ma kake sawa? Da yawan finafinan Hausa na da a VCD suka fito, shi kuwa hotonsa 352 ne da 288, bai kai rabin DVD ba. Ga kuma faifan nan da ake tallarsu a baro, fim goma ko ashirin a guda ɗaya. Faifai mai shafi ɗaya 4.7GB yake ɗauka, an yi shi don fim ɗaya mai kyau. Tuwon mutum biyu ne aka raba wa gayya. Irin waɗannan ko Blu-ray ka saya haka za ka gan su gida-gida, musamman wajen rawa ko faɗa inda ake motsi da sauri.

Abu Hanif, Maraɗi:

Ni dai na canza zuwa mai HDMI kuma na ga bambanci, kada a ce babu. Rubutun fassara ya tsaya cak, ja ya daina malala. Amma a faifai na asali ne kawai. Shawarata, in talabijin ɗinka tana da ramin USB, ka nemi wanda ya ɗauki bikin ko yana da ainihin bidiyon a kwamfuta, ya zuba maka a filas. In da kyamarar HD ya ɗauka, sai da ya rage ingancin kafin ya shiga faifai.

Baban Walida, Zariya:

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Malam Mai Gyara, wayar mai kai uku ce kuwa. Na mayar da 4:3, an sasanta da uwargida. Jiya da daddare na aro DVD mai HDMI a wajen maƙwabcina: faifan bikin ya fito fes fiye da da, amma wani mai fim goma sha biyu da yara ke so yana nan yadda yake, Maman Sadik ta yi gaskiya. Mai bidiyon bikin kuma ya ce shekarun sun yi nisa, sai ya bincika.

Sai dai na lura tsohuwar DVD ɗin tawa tana da wasu ramuka uku a baya, kore da shuɗi da ja, talabijin ɗin ma tana da irinsu. In na sayi wayarsu, zai kusa kai na HDMI?

Mai Gyaran Lantarki, Kano:

Zai kusa sosai, sunanta component, ta raba hoton gida uku maimakon ɗaya. Saya ka gwada kafin ka koma wajen mai shagon. Ja da farar sauti kuma ka jona su a ramukan sautin da ke tare da component ɗin, kuma ka shiga saitin DVD ɗin ka zaɓi YUV ko YPbPr, in ba haka ba hoton zai iya fitowa da launi a birkice ko ya ƙi fitowa gaba ɗaya.