Neman Shawara: Wane Takalmi Ya Dace da Farautar Fadama a Lokacin Hunturu?

Mai tambaya, daga Wamakko:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina fita farautar kirinjijiya da zabin daji a fadamar Rima tun daga watan Disamba har ƙarshen Janairu, kuma yawanci nakan bar gida kafin asuba, in kai hantsi ko azahar a daji. Bara da takalmin roba mai dogon wuya na yi aikin. Ruwa bai shiga ba, amma yatsuna sukan ƙandare da sanyi tun kafin gari ya waye, idan rana ta ɗaga kuma ƙafar ta jiƙe sharkaf da zufa, har dunduniyata ta yi bororo a kan fason da nake fama da shi. Yanzu na ga wani takalmin gwanjo a Babbar Kasuwar Sakkwato, na fata, mai kauri da nauyi, an rubuta Gore-Tex a gefensa da Thinsulate 1000 a cikinsa, mai sayarwar kuma ya ce irinsa maharban Amurka ke sawa cikin dusar ƙanƙara. Shin in saye shi, ko akwai abin da ya fi dacewa da ni?

Wani malamin kimiyya, daga cikin garin Sakkwato:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi wannan takalmin, kuma dalilin yana cikin lambar da ka karanta. Thinsulate wani siririn zare ne na kamfanin 3M da ake shimfiɗawa cikin takalmi domin ya riƙe ɗumi, lambar kuwa nauyinsa ce da giram a kowace murabba'in mita. Mai 1000 an yi shi ne saboda mutumin da zai zauna wuri ɗaya awa da awanni yana dakon barewa a sanyin da ruwa ke daskarewa. Sanyinmu na hunturu, ko a daren da ya fi tsanani, bai cika sauka ƙasa da maki 12 zuwa 15 a ma'aunin Selshiyas ba, da rana kuma zafi yakan haura 30. Kai mai tafiya ne, kuma kana kai azahar. Cikin wannan takalmi ƙafarka za ta dahu.

Abin da ya same ka bara ma zufa ce tushensa. Roba ba ta barin danshi ya fita, safar auduga tana shanye zufar ta riƙe ta a jikin fata, jiƙaƙƙiyar ƙafa kuwa ta fi busasshiya saurin yin sanyi nesa ba kusa ba. Saboda haka ka nemi mai lamba 200, ko ma wanda ba shi da wannan shimfiɗar gaba ɗaya, ka haɗa shi da safar ulu mai kauri, domin ulu yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙa. Ka sa safa ta biyu a jakarka ka canja da hantsi. Gore-Tex ɗin shi ne abin da ya kamata ka riƙe daga cikin rubutun nan biyu: wata siririyar leda ce da aka gano a 1969, mai ƙofofin da suka yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta amma tururin zufa yake iya bi ta cikinsu.

Wani dattijon maharbi, daga Wurno:

Ɗana, malam ya faɗi gaskiya, sai dai ina so ka fara tambayar kanka ina ruwan da kake shiga yake tsayawa. Idan a idon sawu yake, takalmin fata da ya rufe rabin ƙwauri ya ishe ka. Idan kuwa kana kutsawa cikin taɓo har sha-raɓa domin ɗauko tsuntsun da ka harbo, babu ledar da za ta cece ka, domin ta sama ruwan zai shigo, kuma takalmin da ya hana ruwa shiga yakan hana shi fita. Ni shekaru da dama biyu nake ɗauka: na fata a ƙafa, na roba a rataye a kafaɗa, sai na zo bakin ruwa nake canjawa. Nauyi ne, amma ban sake kwana da ciwon ƙafa ba.

Abin da 'yan birni suke mantawa shi ne ƙaya. Ƙayar aduwa da ta farar ƙaya sukan huda ƙasan takalmin roba mai arha kamar takarda, kuma huji ɗaya ya isa ya ɓata ledar da ake ta yabo. Ka matsa ƙasan takalmin da babban yatsa, idan ya lotsa cikin sauƙi ka ajiye musu kayansu. Ka guji mai yadi da yawa a waje, domin ƙarangiya za ta maƙale masa. Dogon wuya yana rage haɗarin kububuwa, wadda yawanci a ƙafa take sara, amma kada ka ɗauka sulke ne. Kuma kowace asuba ka kife shi ka kakkaɓe kafin ka zura ƙafa, saboda kunama ma ɗumi take nema.

Wani baduku, daga Tsohuwar Kasuwa:

Malam, tunda gwanjo za ka saya, ga abin da nake gani a wurin aikina. Ana yawan kawo mini irin waɗannan takalma fatarsu fes kamar sabuwa, amma soson da ke tsakanin fata da ƙasan ya ruɓe saboda daɗewa a ajiye, mutum ya yi tafiyar kwana biyu sai ya ga yana marmashewa kamar gari. Ka lanƙwasa shi sosai a gaban mai sayarwa, ka kankare gefen da farce, ka duba ko gam ya fara saki. Ka duba harshen da ke ƙarƙashin igiya: in ba a ɗinke shi da gefe biyu har sama ba, ta nan ruwa zai bi. Idan zai yarda, ku cusa takarda a ciki, ku tsoma shi a bahon ruwa na minti goma, takardar za ta ba ku labari.

Wasu sukan ce a ɗinka musu da fatar jar akuyarmu ta Sakkwato. Fata ce da duniya ta san ta, amma laushinta na jaka ne da matashi da bangon littafi. Takalmin daji sai ƙirgi. Man kaɗe ko kakin zuma suna hana ƙirgi tsagewa da hunturu, sai dai ga mai ledar ciki ka shafa kaɗan, domin maiƙo mai yawa yana toshe hanyar da zufa ke fita. Kada ka kusantar da shi ga wutar jin ɗumi, zafi yana ƙandarar da fata ya saki gam. Ka cire shimfiɗar ciki ka bar shi a inuwa, iskar hunturu za ta busar da shi.

Mai tambaya:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Na fasa mai 1000 ɗin. Saura batun girma, Baba, domin ina sa lamba 43, ban sani ba ko in ƙara saboda safar ulu.

Dattijon maharbi:

Kada ka dogara da lamba, ɗana, domin ta Amurka daban, ta Turai daban, kuma na gwanjo ya riga ya ɗauki siffar ƙafar wani. Ka je kasuwa bayan la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da yawon yini, ka tafi da safar da za ka yi farauta da ita. Ka tura ƙafar gaba kafin ka ɗaure, ya kasance yatsan hannu ɗaya yana shiga bayan dunduniya. Bayan ka ɗaure kuma dunduniyar ta zauna daram, yatsun ƙafa suna motsi, domin matsattsen takalmi yana tsuke jini, sanyin da kake gudu ya dawo. Ka yi mako biyu kana zuwa gona da shi kafin ranar fita ta farko, kuma ka fara shafa wa fason nan man kaɗe tun daren yau.