Efflux da Hausa: ni dai "kwarfa" nake gani

'Yan uwa masu harkar magani da masu fassara, ku zo mu tsayar da magana kan yadda za mu fassara efflux da Hausa. Shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ba gardama, "shingen ƙwaƙwalwa" ya zauna. Rigimar tana kan aikin da wani furotin mai suna P-glycoprotein ke yi a jikin shingen, wanda shi ne efflux ɗin, wato magani ya fara kutsawa cikin ƙwayar halittar jijiyar jini, furotin ɗin kuma ya cafke shi ya maida shi cikin jini, kuma sai ya ƙona ATP, wato makamashin ƙwayar halitta, yake iya yin haka.

Wasu sun ce "fitarwa". Gaskiya ta yi faɗi da yawa, fitsari ma fitarwa ne. "Tacewa" kuwa kuskure ne, matata a zaune take, ba ta kashe ƙarfi.

Shi ya sa na ce kwarfa. Ruwan sama ya shigo ɗaki, kana kwarfewa da kwano yana ƙara shigowa, in ka tsaya ɗaki ya cika. Haka abin yake. A 1994 a Amsterdam, ɓerayen da masu bincike su Schinkel suka cire wa wannan furotin sun mutu bayan an yi musu feshin ivermectin, don maganin ya taru musu a ƙwaƙwalwa, alhali ivermectin ɗin nan ne ake raba wa jama'a a ƙauyukanmu saboda makantar rafi kuma galibi ana sha lafiya lau. Loperamide na gudawa ma dangin opioid ne fa, wato magungunan kashe ciwo masu bugarwa, amma a adadin da aka ƙayyade ba ya bugarwa, ana kwarfe shi tun daga bakin shinge.

Kuma kalmar tana aiki a lab, wannan ne ya fi damuna. Ana shuka ƙwayoyin halitta masu ɗauke da furotin ɗin, irin su MDCK-MDR1 ko hCMEC/D3, a kan siririn faifai mai ƙananan huji, ruwa sama ruwa ƙasa, a zuba magani ta wannan gefe a auna abin da ya tsallaka, sannan a juya. In fita ta ninka shiga sau 2 ko fiye sai mu ce ana kwarfar maganin. A sa verapamil, maganin da ke hana furotin ɗin aiki, kwarfa ta ragu. Kun ga jimlar ta tafi sumul ba tuntuɓe, ɗalibin famasi zai gane nan take.

Saura sunan shi kansa furotin ɗin. Ni "makwarfi" na fi so, amma wata 'yar uwa ta ce "famfon kwarfa" zai fi saurin shiga kunne. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ku ma kwarfa kuke cewa ko kuna da wata?