Mai cutar MS da zafin bazara: a gasa ƙafar ko a sanyaya ta?

Sista, Argungu

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocin jijiya da masu gashin ƙashi. Mace ce 'yar shekara talatin da 'yan kai, an yi mata hoton MRI an ce maltiful sikilerosis ce, wadda ake taƙaitawa MS. Da safe tana tafiya da ƙafarta, har shara takan yi. Da rana ta take sai ƙafar dama ta yi nauyi tana jan ƙasa, ido ɗaya ya yi hazo, gajiya ta kwantar da ita. Bayan magariba ta dawo ras. Dangi sun rabu biyu: wasu sun ce a riƙa gasa ƙafar da tawul da ruwan zafi, wasu sun ce ta kwanta kada ta motsa. Shin ciwon ne ke tashi kullum, har a koma ga allurar sitiroyid? Kuma me bincike ya ce kan motsa jiki a irin zafinmu na Maris zuwa Mayu?

Likitan jijiya, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam Sista, sannu da aiki. Wannan ba tashin ciwo ba ne, zafi ne ke tona tsohon tabo.

Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da riga mai maiƙo, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. A MS garkuwar jiki ce ke cinye wannan riga wuri-wuri. Jijiyar da ta rasa rigarta tana iya kai saƙo, amma da ƙyar. Idan zafin cikin jiki ya ƙaru ko da rabin digiri ne, sai saƙon ya tsaya cak a wurin tabon, in jiki ya huce ya ci gaba. Wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, shi ya bayyana wannan a 1890, shi ya sa ake kiran alamar da sunansa. Kafin zuwan MRI har a ruwan wanka mai zafi ake saka mutum don a gane ko yana da cutar. Ki duba, abin da dangi ke so su yi da sunan magani, shi ake yi da can don a fito da ciwon fili. A bar tawul ɗin.

Tashin ciwo na gaskiya shi ne sabuwar alama, ko tsohuwa da ta tsananta, ta wuce awa 24 ba ta lafa ba, kuma babu zazzaɓi. Saboda haka kafin kowa ya ambaci sitiroyid a ƙasar nan, abu biyu za a fara yi: gwajin zazzaɓin cizon sauro da gwajin fitsari. Su biyun nan su ne suka fi yaudarar mu, domin suna ɗaga zafin jiki ƙafa ta mutu, a ɗauka ciwo ne ya dawo. In an tabbatar tashi ne kuma ya hana mutum harkarsa, akan ba da sitiroyid mai suna metilfuredinisolon giram 1 ta jijiyar jini kullum, kwana 3 zuwa 5. Yana gaggauta farfaɗowa ne kawai, bai canza inda cutar za ta kai mutum. Maimaita shi barkatai kuwa yana kawo hawan sukari da zaizayar ƙashi.

Abu guda da zan so ki tambayi wanda ya duba ta: an yi gwajin jinin akwaforin-4? Da shi ake gano wata cuta, NMO, mai kama jijiyar ido da laka, wadda ke kama da MS kuma ba baƙuwa ba ce a tsakanin baƙar fata. Wasu magungunan MS, irin su intaferon beta, ƙara mata wuta suke yi.

Mai gashin ƙashi, Gusau

Likita ya gama da masu ruwan zafi, bari in ɗauki masu cewa ta kwanta. Sunan aikinmu ma shi ke ruɗa mutane, da an ce gashi sai a zaci dole a sa wa jiki wuta. Ga mai MS ba fitilar ɗumi, ba jakar ruwan zafi, ba sirace.

Da can likitoci ma hutu suke cewa a yi. Binciken Petajan da abokan aikinsa a Amurka a 1996 na cikin waɗanda sunka juya akalar: masu MS sun yi atisaye a keken motsa jiki minti 40, sau 3 a mako, tsawon mako 15, ƙarfinsu ya ƙaru, walwalarsu ta gyaru. Ƙa'idar da anka fitar a Kanada a 2013 ga masu matsakaicin rauni ita ce minti 30 na motsa jiki mai sa haki kaɗan sau 2 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau 2 a mako. Kwanciya kuwa tana narkar da tsokar cinya cikin makonni, sai raunin zama ya hau bisa raunin ciwo.

Ga yadda za a tsara shi a gida. Lokaci shi ne bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 8, kafin ƙasa ta ɗau zafi. Ta fara da tsoma ƙafafu zuwa ƙwauri cikin bokitin ruwan randa minti 20, in da ƙanƙara a jefa kaɗan, amma kada ya kai sanyin da zai kashe fata. Ta ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya. Ruwan sanyi ya kasance kusa, tana kurɓa kowane 'yan mintoci; wani bincike na Jami'ar Sidni a Ostiraliya a 2018 ya nuna shan ruwa mai sanyi ƙarara yana ƙara wa masu MS tsawon lokacin da suke jure atisaye cikin zafi.

Kada a ce minti 30 a jere tun farko. Tafiya minti 3, zama minti 2, sau 4 ko 5 cikin tsakar gida. Duk mako a ƙara minti guda. Na ƙarfin tsoka: tashi daga kujera a koma zaune sau 10, a huta, a sake 10, ɗaga dugadugai tana dafe da bango, kwanciya rigingine tana ɗaga ƙugu. Miƙar da sha-raɓa da bayan cinya kullum, a riƙe daƙiƙa 30 zuwa 60, a hankali. Inda 'yan jinya ke kuskure shi ne fizgar ƙafa da ƙarfi: tsokar da ta ƙage, in an ja ta da sauri, ƙara ƙagewa take.

In hazo ko nauyin ƙafa ya taso lokacin atisaye, ba ɓarna anka yi ba, ta zauna a inuwa ta huce. Amma in bayan awa 2 ba ta dawo yadda ta fara ba, an zarce, gobe a rage.

Jan ƙafar nan shi ne abin tsoro, don shi ke kayarwa. Silifa ta fita daga lissafi, takalmi mai madauri a dunduniya ake so. In yatsu na tuntuɓe, sashen gashi na iya auna mata robar da ke riƙe idon sawu. Sanda kuma a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa, wato hagu a wurinta. A ɗebe tabarmi mai naɗewa daga hanya, a kafa ƙarfen dafawa a bayi, ko a sa kujera mai huji bisa masai, domin tashi daga tsuguno da rana tsaka ne ya fi ba su wuya. Girkin itace a mayar da shi safe ko yamma, ta yi yankan kayan miya a zaune nesa da murhu.

Don ki san ko ana ci gaba, Sista, auna mita 7.6 a baranda, ki ɗauki lokacin da take cinye shi, sau biyu, a sa'a ɗaya ta yini duk wata. Canjin kashi 20 cikin ɗari shi ne wanda masu bincike ke ɗauka da muhimmanci.

Mai harhaɗa magunguna, Zuru

Zan ƙara kan magunguna. Na gajiya kada a saka rai sosai: gwajin da aka wallafa a 2021 ya gwada amantadin, modafinil da metilfenidet, babu wanda ya fi ƙwayar banza da aka kwatanta su da ita, sai ma illoli. A fara duba ƙarancin jini da rashin barci.

Bakilofen na ƙagewar tsoka akan fara da miligiram 5, a hau a hankali. Wasu da wannan ƙagewar suke iya tsayuwa, in maganin ya yi yawa sai gwiwa ta saki. Kuma ba a yanke shi dare ɗaya, yana iya jawo farfaɗiya da gane-gane, don haka a sayo wani kafin na hannu ya ƙare.

Fitsari kuwa nan ake yawan tafka kuskure. Mai yoyo sai ta rage shan ruwa, fitsari ya yi kauri, ƙwayar cuta ta shiga, a koma gidan jiya. Kafin a ba da oksibutinin, maganin yoyon fitsari, a auna abin da ya saura a mafitsara bayan ta yi fitsari. In ya haura mililita 100, maganin zai ƙara riƙe shi, sai dai a koya mata saka robar fitsari tana cirewa da kanta. Yana kuma rage gumi, abin lura ne a bazara.

Sista, Argungu

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya, Likita: na ji ana maganar famfiridin don tafiya, ya dace da ita?

Likitan jijiya, Birnin Kebbi

Miligiram 10 ne, sau biyu a rana, awa 12 tsakani, ba a fasa ƙwayar. Wajen mutum ɗaya cikin uku yake yi wa aiki. Sai an gwada ƙoda tukuna, kuma ba a ba wanda ya taɓa farfaɗiya. Ki yi mata awon mita 7.6 ɗin nan kafin ta fara, ki sake bayan mako 2 zuwa 4. In agogo bai nuna bambanci ba, a tsayar da shi.