Wai Wisp ɗin nan mawaƙiyar gaske ce ko dai TikTok ne ya ɗaga ta?

Ummi_Z:

Salam 'yan uwa. Dan Allah masu bin kiɗan gita ku zo ku warware min wani abu. Akwai wata yarinya 'yar Amurka da ake ce wa Wisp, waƙarta Your Face ta yi ta zagayowa a TikTok ɗina har sai da na je na nemo cikakkiyar, kuma gsky ta shige ni sosai, amma abin da ya ɗaure min kai shi ne ba na iya tsintar abin da take faɗa, muryar can ƙasa take gita ya danne ta, har na ɗauka iyafis ɗina ne ya fara mutuwa. Da na leƙa wajen sharhi kuma sai na tarar ana ta dambe, wasu na cewa ita ta farfaɗo da shoegaze, wato irin salon kiɗan da take yi, wasu na cewa ƙarya ne kamfani ne ya dasa ta ba abin da ta iya. To wace ce ita? Da gangan ake binne muryar haka? Kuma in ina so in ci gaba da jin irin wannan kiɗa daga ina zan kama?

Dan_Fedal:

Wa alaikumus salam ƙanwata, iyafis ɗinki lafiyarsa ƙalau, haka abin yake 😄

Sunanta na gaskiya Natalie Lu, haihuwar 2004 ce, a San Francisco ta tashi can jihar Kalifoniya. Lokacin da ta saki Your Face a Afrilun 2023 ɗaliba ce a San Francisco State University tana karanta kimiyyar kwamfuta, ba ta da ƙungiya ba ta da situdiyo, kiɗan ma ba ita ta haɗa ba, na wani furodusa ne da ake kira grayskies da ta samo a intanet, ta ɗora muryarta a kai da waya ta sa a TikTok, shi ke nan abu ya kama wuta. Ba a jima ba Interscope suka ɗauke ta, kamfanin nan da Billie Eilish ma take ƙarƙashinsa. A Afrilun 2024 ta fitar da ƙaramin kundi mai suna Pandora, sai cikakken kundinta na farko If Not Winter a watan Agustan 2025, kuma a shekarar ne ta hau dandamalin babban bikin kiɗa na Coachella.

Maganar murya kuwa da gangan ne, nan ne ma sana'ar take. A yawancin waƙoƙin da kunnenki ya saba da su murya ce sarauniya, kayan kiɗa rakiya suke mata, duk wanda ya ɗaga kai sai a rage shi. A shoegaze ba ta da wannan gatan, kayan kiɗa ɗaya ce cikin sauran, ana ajiye ta daidai da gita ko ma ƙasa da shi kaɗan, sannan a zuba mata amsa-kuwwa har gefen kalmomin ya narke. Kamar dai kina jin waƙa daga ɗakin maƙwabta ana tsuga ruwa a kan rufin kwano, kin san me ake ji a zuciya amma kalmomin sai ɗaiɗai.

Shi kuma gitan, ba kai tsaye yake shiga sifika ba, yana bi ta wasu ƙananan akwatuna da ake jerawa a ƙasa ana taka su da ƙafa, su ne fedal. Akwai mai dagula sauti ya yi kauri yana ƙuna, akwai mai amsa-kuwwa, akwai mai maimaita abin da ka kaɗa bayan ɗan lokaci. Sirrin yana wajen jerin. Mai kiɗan rock na yau da kullum zai sa mai dagulawa a gaba, amsa-kuwwa a ƙarshe, sai sauti ya fito tsaf kowane kaɗi a bayyane. 'Yan shoegaze da yawa juyawa suke, amsa-kuwwa ta fara shiga sannan a dagula ta gaba ɗaya, to kin ga wutsiyar kaɗin farko ba ta gama mutuwa ba na biyu ya hau kanta, na uku ya hau, har ki kasa gane inda hannu ya taɓa tsirkiya. Ni ranar da na fara juya nawa haka a ɗaki, yatsa ɗaya na ɗora na kaɗa na saki, sautin ya ƙi tsayawa, labulen taga kawai nake kallo ina dariya ni kaɗai. Sannan a situdiyo sai a ɗauki gita ɗaya sau da yawa a jibga a kan juna, wani hagu wani dama. Wannan katangar ce kike ji ta danne ta.

Tsohon_Kaset:

Malam Dan_Fedal ka yi bayani, Allah ya ƙara basira. Amma masu cewa ita ta farfaɗo da shoegaze su ji tsoron Allah. Wa ya ce musu ya mutu?

Abin nan a Ingila da Ayalan aka haife shi ƙarshen shekarun 1980. My Bloody Valentine a Dublin suka fara a 1983, Slowdive 'yan Reading ne 1989, Ride 'yan Oxford, kafin su kuma akwai Cocteau Twins daga Sukotlan waɗanda su suka fara nuna cewa ana iya waƙa ba a gane kalma ba kuma ta taɓa zuciya. Sunan ma, shoegaze, wato kallon takalmi, zolaya ce ta 'yan jaridar kiɗa na Landan, don sun ga yaran ba sa kallon jama'a kansu a sunkuye wajen fedal. Kundin da kowa ke komawa gare shi Loveless ne na My Bloody Valentine, 1991, jagoransu Kevin Shields ya shafe fiye da shekara biyu yana yawo da shi situdiyo 19, yana riƙe da ɗan ƙarfen nan na jikin gita yana lanƙwasa sauti lokacin da yake kaɗawa, shi ya sa in kina ji sai ki ga kamar kaset ne ya ji rana yana jan ƙafa, har kamfanin Creation suka gaji suka rabu da su bayan fitowarsa. Slowdive ma haka Creation ta sallame su a 1995 jim kaɗan bayan kundinsu Pygmalion, lokacin Oasis da Blur sun cinye kasuwa, ta Amurka kuma Nirvana ta riga ta canza kunnen matasa. Amma My Bloody Valentine sun dawo da sabon kundi a 2013, Slowdive sun sake haɗuwa a 2014 suka fitar da kundi 2017 da wani a 2023. Duk wannan kafin yarinyar nan ta gama sakandare aka yi mafi yawansa.

Ni abin da nake ji a waƙarta ma ba jinin Ingila ba ne sosai, jinin Kalifoniya ne. Ki saurari gangar da nauyin gitan, yadda ake lallaɓawa a baiti sannan a fashe a amshi, wannan gidan Deftones ne na Sacramento da Whirr, kuma ita da bakinta ta sha ambaton Whirr a hirarraki. Ba banza ba ai aka sa ta buɗe wa System of a Down wasa a manyan filaye a 2025, masu shirya wasan sun san inda kunnen masoyanta yake. Loveless iyo yake, nata kuwa tafiya yake da takalmi mai nauyi. Ban ce ba daɗi ba fa, amma mutum ya sayi kiɗan wani ya yi raɗa a kai na minti uku da wani abu a ce masa magajin Kevin Shields, haba.

Hajjo_Goswell:

Baba Tsohon_Kaset ina gaisuwa, tarihin da ka kawo ba gyara, amma ƙarshen maganarka ban yarda ba wlh.

Na farko ba ita ta ce ita magajiyar kowa ba ce, masu sharhi ne. Na biyu maganar kamfani ya dasa ta, ai lissafin a fili yake, waƙar ta riga ta bazu sannan kamfani ya zo, da farko ma fuskarta ba ta cika nunawa ba, wanda aka dasa kuwa fuska ake fara sayarwa. Kamfani ya ga kasuwa ta ci ne ya biyo da gudu, wannan kuma aikinsu ke nan tun fil azal, Creation ɗin ma ba sadaka take yi ba.

Kuma abin da ke ba ni dariya, irin zagin da ake mata yanzu shi aka yi wa Slowdive a zamaninsu, jaridun Ingila sun yi kaca-kaca da kundinsu Souvlaki a 1993, wai 'ya'yan gata ne masu barci a tsaye, yau shi ne kundin da ake rantsuwa da shi, kuma wa ya sake cika musu zaure? Yaran TikTok ɗin nan da ake rainawa, su suka ɗauki waƙarsu When the Sun Hits suka yi ta yawo da ita har wanda ba a haifa ba lokacin da ta fito ya haddace ta. Ba za ka karɓi yaran in sun zo sayen tikitin Slowdive ba sannan ka kore su in ɗaya daga cikinsu ta ɗauki gita.

Maganar raɗa kuma, Baba raɗar ai gadon gidan ce. Bilinda Butcher ta My Bloody Valentine raɗa take, Rachel Goswell ta Slowdive raɗa take, Lush ma mata biyu ne a gaba, Miki Berenyi da Emma Anderson. Kuma haɗa kiɗa a ɗakin kwana ba Wisp kaɗai ba ce, akwai Parannoul na Koriya ta Kudu da ya fitar da kundi a 2021 wanda kusan duk a kwamfuta ya haɗa, ba a ma san fuskarsa ba, manyan masu sharhi suka yi ta yabo, ban ji an ce dasa shi aka yi ba.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne Your Face ita kaɗai ba ta isa hujja ba, kiɗan na wani ne, kuma Pandora ma in ka ji shi a jere waƙoƙin na kama da juna, launi ɗaya. Amma If Not Winter daban ne, ta buɗe sautin, akwai wuraren da katangar ke janyewa a bar gita mara lantarki da murya a fili har kana jin numfashinta, ya fi karkata wajen Cocteau Twins fiye da Deftones ɗin da kake faɗa. Wanda bai iya komai ba ba ya yarda a cire masa mayafin ƙara, don nan ne asiri ke tonuwa.

Sadiq.bass:

ni dai matsalata da 'yan wannan zangon gaba ɗaya ba Wisp kaɗai ba, an matse sautin ya yi ƙarfi tun daga sakan na farko saboda sifikar waya, babu hawa babu sauka. a iyafis daɗi, a babbar sifika sai kunne ya gaji. amma muryarta kam tana da sanyi ba ƙarya

Tsohon_Kaset:

Hajjo kin kama ni a maganar tikitin Slowdive, na ji. Sabon kundin nata kuma sau ɗaya na bi ta kansa ina wani aiki, zan zauna masa. Amma Cocteau Twins fa? A'a 'yata, a sassauta. Mawaƙiyarsu Elizabeth Fraser murya ce mai hawa sama ta karye ta dawo, ba a ɓoye take ba ko kaɗan, kalmomin ne kawai ba a ganewa. Yarinyar nan har yanzu a layi ɗaya take tafiya.

Ummi_Z:

Kai na gode sosai, ban zaci zan tayar da rigima ba 😂 To yanzu ni da wanne zan fara, Loveless ɗin?

Dan_Fedal:

A'a kar ki fara da Loveless, zai iya korar ki, waƙar farko ma kamar injin ya faɗo miki a ka ne. Tunda Your Face ce ta jawo ki, ki bi ta Pandora ki wuce If Not Winter, daga nan Souvlaki, shi ne mai saukin shiga. In nauyin ne ya fi burge ki sai ki karkata wajen White Pony na Deftones da Whirr. Loveless ki bar shi sai kunnenki ya saba, kuma ranar da za ki ji shi ki nemi hedfon mai rufe kunne duka biyu, ba sifikar waya ba.

Tsohon_Kaset:

Ka manta Nowhere na Ride, 1990. Ki sa shi kafin White Pony, ba bayansa ba.