Kuɗin adashina sun fito: sabuwar waya zan saya ko abin ajiye wuta?

Maman Hanif: Slm 'yan uwa barkanmu da sabuwar shekara, dan Allah shawara nake nema. Ina sayar da atamfa da leshi ne daga gida a nan Kano, duk cinikina a WhatsApp yake, in saka hoto a status mutum ya gani ya turo kuɗi in ba ɗan sahu ya kai masa. Toh adashinmu ya zagayo kaina, dubu 400 ne cif, kuma na yi niyyar ba zan taɓa su a kayan sawa ba, abin da zai taimaki sana'ar nake so. Ƙanina ya dame ni wai in sayi waya mai AI (ƙirƙirarriyar basira) ɗin nan da ake ta magana tun bara, wai tana gyara hoto da kanta tana goge abin da ba ka so a bayan kaya, maigida kuma ya ce ina amfanin waya mai tsada in ba cajin da za a kunna ta. Wayata ta yanzu shekararta 3, tana aiki amma batirin baya kai la'asar. Cikin abubuwan da suka fito a 2024 wanne kuka saya kuka ji daɗinsa har zuciya? Wanda ya riƙe da hannunsa nake so ya faɗa min ba wanda ya gani a TikTok ba.

Abu Sadik: Wslm Hajiya. Ni dai in aka tambaye ni abin da ya fi burge ni a bara ba waya bace, akwatin nan ne na ajiye wuta da ake cewa pawa steshin. Kin tuna ƙarshen Oktoban 2024 da layin wuta ya lalace Arewa ta kwana a duhu sama da mako? Lokacin na san darajarsa, maƙwabta har layi suke a ƙofar gidana da wayoyi kamar mai shagon caji. Shi batir ne da infata da wajen caji duk a cikin akwati ɗaya mai hannu, ba sai kin kira mai haɗa waya ya fasa miki bango ba, in an kawo wuta ki jona, in babu ki shimfiɗa faifan sola a rana ki jona. Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne irin batirin da ke ciki, ki duba jikin kwalin ki ga an rubuta LiFePO4, shi ne wanda ake cewa yana ɗaukar caji wajen sau 3000 kafin ya fara gajiya kuma baya saurin ɗaukar zafi kamar tsohon samfurin, ga garinmu kin san yadda Afrilu take. Nawa 500Wh ne, wato yawan wutar da yake ajiyewa kenan, yana riƙe min fanka ƙarama da ƙwai biyu da wayoyi har asuba. Amma kar ki kuskura ki jona masa ayan ko hita, ba aikinsa bane.

Ummu Khairat: Gsky ni ban yarda a raina wayar ba. Yar uwa sana'arki hoto ce fa, hoto kike sayarwa kafin atamfa. Nima turaren wuta da humra nake yi, tun da na canza waya kwastomomi suka daina tambayata "anti wannan ja ne ko ruwan goro". Sai dai ba sai kin kai ga masu tsadar nan ba, Tecno da Infinix da Redmi na matsakaicin kuɗi kyamararsu ta isa wlh in dai kin fito da kayan tsakar gida da safe kin ɗauka.

Injiniya Bala: Bari in ɗan warware zancen AI ɗin nan dan ƙaninki ya haɗa abubuwa da yawa wuri ɗaya. Samsung ce ta fara wannan hayaniyar a Janairun 2024 da ta fito da Galaxy S24, a ciki akwai goge abu a hoto, akwai fassara magana ana cikin kira, akwai kuma wanda za ki zagaye abu a sikirin da yatsa Google ya nemo miki shi. Apple ta biyo baya da iPhone 16 a Satumba, nasu AI ɗin ma baya aiki sai a 15 Pro ko 16 zuwa sama. Duk waɗannan sabbinsu sun fi ƙarfin dubu 400 nesa ba kusa ba, wannan ɗaya kenan. Na biyu fassarar kiran da ake ta yabo babu Hausa a cikin harsunan, toh da wa za ki yi ta, kwastomarki ta Gwammaja? Na uku, kuma shi ne wanda masu shago ba za su gaya miki ba, yawancin abin da kike buƙata yana cikin wayar da ke hannunki yanzu haka. Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya tun Afrilun 2024, wannan zoben shuɗi da kike gani, kyauta ne data kawai yake ci, zai rubuta miki tallan kaya da Turanci ya lissafa miki riba. Cire bayan hoto kuma manhajoji ne birjik a Play Store.

Ni abin da na fi so a bara ƙaramin abu ne da ba a yi masa talla ba, bakin caji ya zama ɗaya. Tarayyar Turai ta kafa doka cewa wayoyi su yi amfani da bakin caji iri ɗaya, wato USB-C, ta fara aiki ƙarshen Disamban 2024, shi yasa tun iPhone 15 Apple ta bar nata bakin. Yanzu caja ɗaya nake yawo da ita, waya da kwamfuta da abin kunne duk ita ce.

Maman Hanif: Injiniya Allah ya saka da alheri, wlh wannan zoben na ɗauka wani abin kutse ne ban taɓa danna shi ba 😂

Ummu Khairat: Amma fa a yi hattara da gyaran hoton nan. Wata ƙawata ta gyara hoton leshi ya fito yana walƙiya kamar na amaryar gwamna, da aka kai wa matar ta ce ba shi ta gani ba a dawo mata da kuɗinta, har da kuɗin ɗan sahu zuwa da dawowa ita ta biya. Ki goge bokitin da ke baya, kar ki taɓa kalar kaya.

Dan Farm Centre: Hajiya ni a kasuwar waya nake, bari in gaya miki abin da bai kamata in faɗa ba. Wayarki ba ta mutu ba, batir ne ya gaji, shekara 3 ana caji kullum dole. Ki kai wa mai gyara da kika yarda da shi ya sa miki batir mai kyau, kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar waya ba. In kuma zuciyarki ta nace sai iPhone ta hannu, ki duba gefenta da kyau, wadda aka yi wa kasuwar Amurka daga 14 zuwa sama bata da wajen saka sim kwata-kwata, eSIM ne kawai, wato layin da ake saka wa cikin waya ba tare da katin sim ba, sai kin je ofishin MTN ko Airtel sun mayar miki da layinki. Mutane da yawa sai sun isa gida suke neman ramin sim su rasa.

Hauwa'u Zariya: Ni pawa bank ne ya ci min kuɗi, na saya a wani shago an rubuta 50,000mAh da manyan baƙaƙe, sau ɗaya da rabi yake cika min waya. Da ya lalace yarona ya fasa, rabin cikin wlh yashi ne a leda dan ya yi nauyi.

Injiniya Bala: Hauwa'u an cuce ki, amma ko na gaskiyar baya ba da abin da aka rubuta duka. Mai 20,000mAh wajen 74Wh ke cikinsa, wani kaso yana tafiya a zafi wajen juya wutar, in wayarki mai 5000mAh ce ki sa ran sau biyu da rabi zuwa uku. Shi yasa nake cewa a riƙa duba Wh ɗin, shi ne mudun gaskiya. Haka shi ma akwatin da Abu Sadik ya faɗa lamba biyu ne a jikinsa, Wh yawan wutar da ya ajiye, W kuma nauyin da zai iya ɗauka a lokaci ɗaya, masu sayarwa suna son nuna miki babbar su ɓoye ƙaramar.

Abu Sadik: Ƙwarai kuwa. Kuma Hajiya kar ki kashe kuɗin duka a akwatin ki manta faifan, dan in wuta ta yi kwana 3 bata zo ba akwati ne kawai kika ajiye a ɗaki. Faifai mai 200W ya ishe shi, ki riƙa sa yara suna goge ƙurar da tsumma musamman yanzu da hunturu, ƙura tana rage masa ƙarfi sosai. Tun da aka ƙara wa 'yan Band A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, kuɗin wuta a Afrilun 2024 zuwa naira 225 kowane yunit a lokacin, har masu samun wutar ma sun koma neman sola, kasuwar ta cika da jabu, ki tafi da wanda ya sani kuma a rubuta miki garanti a takarda ba da baki ba.

Baba Alhaji Tela: 'Yata ni dattijo ne ban san AI ba, amma fanka mai caji da jikana ya kawo min ita ce ta raba ni da kwanan waje. Ki ji maganar mijinki.

Ummu Khairat: Baba ai kun haɗa kai ne ku maza 😄 toh shikenan na sauka, amma ki rage ko dubu 15 ki sayi fitilar nan mai zobe da ƙafarta, hoton dare sai ya fito kamar na rana, tunda wutar ta samu.

Maman Hanif: Ngd sosai 'yan uwa Allah ya bar zumunci, Baba na ji kuma na bi. Gobe in sha Allah zan kai wayar a canza batir in ga yadda za ta yi, ranar Asabar kuma maigida zai raka ni mu duba akwatin da faifan, na rubuta LiFePO4 a takarda dan kar in je in manta sunan a gaban mai shago. Ƙanina ya karanta duk abin da kuka rubuta ya yi fushi ya fita, ashe so yake in sayi sabuwa ya gaji tsohuwar. Abu Sadik tambaya ɗaya ta rage, ina da ƙaramin firji da nake son fara zoɓo da kunun aya kafin azumi, mai 500 ɗin zai ɗauke shi ko sai na jira wani zagayen adashin?

Abu Sadik: Ki ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan firjin ki turo, lambar da ke wajen za ta faɗa mana. Amma ina zargin sai wani zagayen, firji yana fizgar wuta da yawa lokacin da zai tashi.