Matatar Gansakuka Ta Gida: Abin Da Masu Kifin Ado Suka Ce

Kan yadda ake haɗa matatar da ke tsabtace ruwan tankin kifi da gansakuka a gida, yawancin masu kifin ado bakinsu ɗaya: a samo ragar roba, a kankare ta da zarto har ta yi kaushi, don gansakuka ba ta kama wuri mai santsi. A tsaga bututun roba na PVC ta tsawonsa, a cusa bakin ragar, famfo ya riƙa turo ruwan tankin yana gangarowa a kanta. Gansakukar da ta tsiro ita ke shanye nayitiret da fosfet, sinadaran da kashin kifi ke haifarwa.

Kan fitilar da za ta haska ragar don gansakukar ta tsiro aka yi gardama. Da yawa sun fi son jan LED, wajen awa 18 a rana, kuma ni ma can na karkata. A kankare gansakukar da ke kan ragar duk mako ɗaya ko biyu, amma kada a wanke ta tas, a bar iri.