Na samu tsohon firam na titanium a wajen 'yan gwanjo, ta ina zan fara haɗa shi?

Dan_Feda:
Salam 'yan uwa masu harkar keke. Na tsinci wani firam cikin kekunan gwanjo, babu fenti sam, launinsa toka-toka ne, ga sauran sitika da ke nuna Litespeed. Mai shagon ya ɗauka alminiyom ne, ni kuwa na ga titanium ne, ƙarfen nan mara nauyi da baya tsatsa. Mayen ƙarfe baya kama shi, kuma ko ɗigon tsatsa babu duk da ya daɗe a waje. Matsalar ita ce sandar sirdi ta maƙale ta ƙi fita, sannan akwai wani ɗan layi siriri kusa da waldar ƙasa wajen feda. Ina so in sa masa birkin diski da dogon shok a gaba, in kai wa mai walda ya liƙa min wajen ɗaura birkin. Me kuka gani?

Mai_Gyara:
Don Allah ƙanena kar ka kai shi gun mai waldar bakin titi, wallahi kashe maka shi zai yi. Titanium in ya ɗau zafi yana zuƙar iskar da ke kewaye da shi sai wurin ya yi gautsi, shi yasa a masana'anta da iskar argon suke lulluɓe waldar, ciki da wajen bututun gaba ɗaya, kuma in ka ga walda ta koma shuɗi ko fari-fari kamar toka to ta lalace. Wannan layin fa shi zaka fara dubawa kafin ka kashe ko sisi, wanke wurin tas, haska da tocila, ka bi da farce. In farcen yana sarƙewa kuma layin ya bi gefen waldar, tsagewa ce, kar ka hau.

Hawan_Dutse:
Ka yi sa'a gaskiya. Litespeed 'yan jihar Tennessee ne a Amurka, su da kamfanin Merlin suna cikin waɗanda suka fara ƙera firam na titanium wajen 1986. Yawancin bututun gaurayen ƙarfe ne, alminiyom kashi 3 cikin ɗari, vanadium kashi 2.5, sauran titanium, firam ɗin sau da yawa baya wuce kilo ɗaya da rabi. Amma ni ban goyi bayan dogon shok ba. Kekunan shekarun 1990 an zana su ne da shok mai motsin milimita 63 zuwa 80, ka sa na 120 gaban zai ɗaga, kan ya riƙa yi maka nauyi a kwana. Bar shi da tayarsa inci 26 da V-brake, birkin nan da ke matse gefen rim, in ka saita shi da kyau yana kamawa sosai. Auna bututun wuyan ma, inci 1 ne ko 1 da 1/8, kafin ka sayi komai. Da ni ne ma fok (ƙarfen da ke riƙe tayar gaba) mara shok zan sa, a hanyar burji keken nan tashi yake kamar ba ka taka ba.

Dan_Feda:
Na gode manya. Na duba, farce baya kamawa, da alama ƙwarzanewa ce kawai. Batun diski na haƙura. Saura sandar sirdin.

Mai_Gyara:
Alhamdulillah. Sandar alminiyom ce ta ci a ciki saboda an sa ta babu giris. Cire wajen feda, kifa firam ɗin ka zuba man sassauta noti ta ciki, ka bar shi ya kwana biyu yana jiƙa, sannan ka danne sandar a bais (mamatsin ƙarfe) ka riƙa murɗa firam ɗin a hankali. Banda wuta, banda guduma. In ta ƙi, yanke ta ka bar ɗan kai a waje, ka tsaga ta a tsaye daga ciki da zarton ƙarfe, a hankali kar ka taɓa bututun. Sabuwar kuma ka shafa mata giris mai garin jan ƙarfe a ciki kafin ka zura.